Yadda Ake Gano Tushen Ƙara da Jijjiga a Ƙarƙashin Tsohuwar Mota

Wasu shekaru da suka wuce ina da wata tsohuwar Hilux da nake ɗauko buhunan masara da ita daga ƙauye zuwa kasuwa. Wata rana ta soma gurnani daga ƙasa, kuma da zarar gudu ya kai kilomita 60 sai kujera ta ɗauki kyarma. Na kai ta gareji. Makaniken bai ko shiga motar ba, ya ɗan leƙa ƙarƙashi ya ce, "Alhaji, ai aksil ne ya tafi." Na sayo aksil ɗan Beljiyam da kuɗi masu ciwo, aka kwana biyu ana ɗaurawa, muka hau titi, gurnani yana nan daram. Daga baya wani dattijo a sana'ar ya zauna a gefena muka yi tafiyar da ba ta wuce minti goma ba. Ya sa na canja giya sau biyu, na saki totur sau ɗaya, sannan ya ce a duba boris ɗin tsakiyar farfela. Shi ne kuwa. Kuɗinsa bai kama ƙafar abin da na kashe a aksil ba.

Abin da dattijon nan ya yi shi zan shimfiɗa daki-daki. Duk aikin ya rataya ne a kan tambaya ɗaya: ƙarar nan me take bi? Gudun mota, ko juyin inji, ko nauyin ƙafarka a kan totur? Kada a ɗauko sifana, kada a aika yaro kasuwa, sai an amsa ta.

Fara sanin irin motarka

Ƙarfin inji yana bi ta kuloci ya shiga giyabos, daga nan ya nufi tayoyi. A motocin da ke ja da baya, irin su Hilux, Hiace, da tsofaffin Mercedes W123 da kuma W124 wadda muke kira V-boot, akwai doguwar farfela, wato sandar ƙarfe mai juyawa, da ta ratsa ƙarƙashin mota zuwa aksil na baya, wanda ke raba ƙarfin ga tayoyin baya biyu. A masu ja da gaba, irin su Golf 3, Camry da Accord, babu farfela, sai gajerun shaf guda biyu, ɗaya zuwa kowace tayar gaba. Peugeot 504, Fijon da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, ita da baya take ja, amma farfelarta tana cikin wani bututun ƙarfe ne, ba ka ganinta daga waje, don haka a kanta kunne ya fi ido amfani.

Mataki na farko: taya, tun mota tana tsaye

Yawancin abin da mutane ke kira ciwon farfela ko ciwon aksil a taya yake, kuma duba taya kyauta ne. Auna iskar duka huɗun. Gwada kowane noti da sifanar taya. Shafa tafin hannunka a kan fuskar kowace taya, gaba da baya. In ka ji tudu da kwari kamar haƙoran zarto, wannan tayar za ta yi kuka irin na lalataccen boris sak. Ɗaga mota da jak, juya tayar a hankali kana kallon fuskarta daga gaba. Tayar da wayoyin cikinta suka rabu za ka ga ta yi ƙulu a wuri ɗaya, ko tana karkacewa kamar maciji. Duba cikin rim, domin busasshen taɓo na damina yana manne a can ya ɓata balansin. Duba kuma ko ɗan dalmar balansin ya faɗi.

Akwai lamba huɗu a gefen taya, a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2315, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2015. Tayar gwanjo tana iya zuwa da zanenta raɗau alhali robarta ta riga ta bushe.

In kana zargin taya, musanya na gaba da na baya ka sake hawa titi. Jijjigar da ta tashi daga sitiyari ta koma kujera, ko daga kujera ta dawo sitiyari, ta bi taya ke nan, magana ta ƙare.

Mataki na biyu: gwajin titi

Nan ne zuciyar aikin, don haka zan daɗe a kansa. Kwashe duk abin da ke iya kwaramniya a but da bayan mota: jak, sifanu, galan. Nemi shimfiɗaɗɗen titi marar gargada, da sassafe kafin motoci su yi yawa. Kashe rediyo, ɗaga gilasai. Ɗauki mutum ɗaya mai kunne, ya zauna gaba a zuwa, ya koma baya a dawowa, da takarda da biro a hannunsa. Direba shi kaɗai kunnensa yana yaudararsa, don ƙara tana bin ƙarfe ta fito a inda ba nan aka haife ta ba.

Ƙara gudu a hankali har abin ya bayyana. A rubuta gudun da ya fara, da inda ya fi tsanani, da inda ya lafa in yana lafawa. A rubuta kuma inda ake jin sa: sitiyari, ko kujera da daɓen mota, ko sandar giya.

Yanzu riƙe wannan gudun daidai ka canja giya. A ce kana kilomita 70 a giya ta huɗu, koma ta uku ba tare da gudun ya canja ba. Inji zai ɗaga murya. In jijjigar ta canja tare da shi, to inji take bi. In ta tsaya yadda take, gudun mota take bi, wato laifin yana tsakanin bayan giyabos da taya. Wannan canjin giyar wajibi ne, saboda a yawancin giyabos na motocin da ke ja da baya giya ta huɗu kai tsaye take, farfela da inji suna juyi ɗaya. Wanda ya tsaya a ta huɗu kaɗai ba zai taɓa bambance su ba.

Sai ka ɗan wuce gudun da abin ke fitowa, ka sa giya a firi, ka bar mota ta gangara da kanta ta ratsa wannan gudun. Kada ka kashe inji ko kusa, don birki zai yi tauri, sitiyari kuma yana iya kullewa. In motar otomatik ce, daƙiƙu kaɗan sun isa. Jijjigar da ta ci gaba a firi ta wanke inji da kuloci. Wadda ta ɓace tana da alaƙa da inji, ko da wani abu da sai an ɗora masa nauyi yake magana, kamar kuros (gaɓar nan mai siffar gicciye da ke ba farfela damar lanƙwasawa tana juyi) ko haƙoran aksil.

Don raba waɗannan biyun, tsaya a gefen titi, ja birkin hannu, sa firi, ka ɗaga inji sannu a hankali zuwa juyin da yake yi lokacin da abin ke faruwa. In jijjigar ta zo alhali mota ba ta motsi, ka bar ƙarƙashin mota ka koma kan inji: filogin da ba ya ci, fankar da ta rasa reshe, kujerar inji da ta mutu, ko salansar da ke taɓa jikin mota.

Saurin jijjigar kansa shaida ne. Tayar Hilux ko Hiace zagayenta wajen mita 2 ne, saboda haka a gudun kilomita 80 tana juyawa kimanin sau 11 a daƙiƙa guda. Farfela kuwa tana ninka wannan wajen sau huɗu, ya danganta da haƙoran aksil, wato sama da sau 40. Shi ya sa jijjigar taya girgiza ce da ido ke iya gani, sitiyari yana rawa, kujerar da ba kowa a kai tana kaɗawa. Ta farfela kuwa kyarma ce mai laushi da sauri, tana sa madubin ciki ya dushe, tafin ƙafa ya yi zir, kunne ya cika da ƙugi. In ka taɓa jin su biyun sau ɗaya ba za ka sake haɗa su ba.

Gwaji na gaba na totur ne. A gudun da ƙarar ke fitowa, taka, saki, sannan ka riƙe shi tsaka-tsaki yadda inji ba ya jan mota, ita ma ba ta jan sa. Kukan "wuuu" mai siriri da ke zuwa in ka taka ya tafi in ka saki, ko ya zo sai ka saki, daga aksil yake: ko haƙoran babban faranti da ƙaramin da ke juya shi sun ci, ko boris ɗin ƙaramin ya saki. Gurnanin da bai damu da ƙafarka ba, gudu kawai yake bi, ya fi kama da boris ɗin taya ko ita tayar kanta.

In titi ya zama babu kowa, karkata mota a hankali hagu da dama kamar mai kauce wa rami. Kwanar hagu tana jefa nauyi a tayoyin dama. Gurnanin da ya ƙaru a kwanar hagu ya ragu a ta dama yawanci boris ɗin dama ne, haka nan akasinsa. Na ce yawanci, don haka sai an tabbatar da hannu kafin a kwance.

Jijjigar da ba ta zuwa sai an taka birki, faranti ko gangar birki ce ta karkace, babu ruwan farfela.

A ƙarshe nemi fili. Daga tsaye, sa giya ta ɗaya ka ɗan motsa, tsaya, sa ribas ka ɗan motsa, kana saurare. "Ƙwal" guda ɗaya a duk lokacin da ƙarfi ya juya alama ce ta wasa a wani wuri, kuma kuros ne na farko a jerin waɗanda ake zargi. Ɗan kuka "ƙii-ƙii-ƙii" da ke bin juyin farfela a tafiyar ƙafa, musamman a ribas, kuros ne da ya bushe. Kakkarwa lokacin tashi, wadda ke wucewa da mota ta ɗauki gudu, tana nuna robar boris ɗin tsakiya, ko kujerar giyabos, ko kulocin da mai ya taɓa.

Kuloci da giyabos suna da nasu ɗan gwajin a tsaye. Inji yana aiki, giya a firi. Ƙarar da ke nan ƙafarka a ɗage, ta ɓace da ka taka kuloci, boris ɗin shaf mai shiga giyabos ne. Wadda ba ta zuwa sai ka taka, boris ɗin sakin kuloci ne. A kan titi kuma, giyabos da ke kuka a kowace giya amma ya yi shiru a ta huɗu, boris ɗin cikinsa ne suka gaji.

Mataki na uku: shiga ƙarƙashi

Ina roƙon duk mai karanta wannan, don girman Allah, kada ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko bulon siminti. Bulo yana fashewa ba tare da gargaɗi ba. A sami rami, ko ƙafafun ƙarfe na ɗora mota, a ƙasa mai tauri. A tokare tayoyi gaba da baya da katako. A ja birkin hannu, a bar giya a firi, domin in tana cikin giya farfela a ɗaure take, wasan da ke jikinta ba zai nuna ba. A kula da salansa in mota ba ta huce ba.

Fara da ido. Bi farfela daga giyabos har aksil. Nemi lotsawa daga dutse, busasshen taɓo, waya, igiya ko leda da ta nannaɗe. A jikin bututun akwai ƙananan ƙarafuna da kamfani ya manna don balansin, in ɗaya ya fita za ka ga gurbinsa fes da ɗigon walda. In ka ga ɗinkin waldar bakin titi a jikin bututun, to ka sami babban wanda ake zargi, don da wuya farfelar da aka yanke aka haɗa da ido ta fito a miƙe. Riƙe alli kusa da bututun, hannunka a dafe da wani abu, wani ya juya ta bayan an ɗaga tayar baya an saki birkin hannu. Allin da ya taɓa gefe ɗaya kaɗai ya nuna ta lanƙwashe.

Sai kuros. Jan gari kamar tsatsa a bakin kofunansa huɗu yana nufin giris ya ƙare, alluran ciki suna cin juna. Kama farfela da hannu ɗaya, ɗayan a kan ƙarfen da ke hayin kuros ɗin, ka murɗa su saɓanin juna, sannan ka tura sama da ƙasa. Kuros mai lafiya ba ya da wasa ko kaɗan. Amma a lura, kuros ɗin da ya ƙage shi ma ba ya wasa, kuma jijjigarsa ta fi ta kowa. Wannan ba a gane shi sai an sauke farfela an lanƙwasa shi da hannu ta kowace fuska. In ya cije, ko yana tafiya da tsalle-tsalle, ya mutu.

Farfela mai gaɓa biyu tana da boris a tsakiya, zaune cikin roba. Tura ta sama da ƙasa a wurin. Ɗan motsi kaɗan daidai ne, amma robar da ta yage ko ta zauna har farfela na taɓa ƙarfe ta gama aiki. Shi boris ɗin sai an sauke an juya shi kusa da kunne, in yana "shaa" kamar da yashi a ciki, a canja. Wannan ne ya ci mini kuɗin aksil.

A Mercedes W123 da W124, a bakin giyabos da bakin aksil faifan roba ne mai kauri a maimakon kuros. Haska shi da tocila. Tsagewa kusa da notuna, ko zare da ya fara leƙowa, ba abin jira ba ne.

Duba kujerun inji da ta giyabos. Robar da ta jiƙe da baƙin mai takan yi laushi ta zauna, kuma in bayan giyabos ya sauka, kusurwar farfela ta canja. Kuros yana son kusurwa ƙarama, kimanin digiri 3 ko ƙasa da haka, kuma ta gaba da ta baya su yi kusan daidai, domin kowane kuros da ke aiki a karkace yana sauri da jinkiri sau biyu a juyi ɗaya, na biyun ne ke goge abin da na farko ya jawo. Wannan ya shafi masu lodi ƙwarai. Sifirin da ya kwanta saboda buhuna, ko wanda aka ƙara wa ganye don mota ta ɗaga, ko notunan da ke ɗaure aksil da sifirin da suka saki, duk suna karkatar da bakin aksil. In motarka tana kyarma da lodi ta daina in babu, ko akasin haka, nan za ka duba.

Kama bakin aksil inda farfela ke ɗaurewa ka girgiza shi sama da ƙasa. Bai kamata ya motsa ba. Murɗawa hagu da dama kuwa akwai ɗan wasa na asali tsakanin haƙora, kada wani ya nuna maka shi ya ce aksil ya lalace. Ɗaga kowace taya, kama ta sama da ƙasa ka jijjiga, sannan ka juya ta hannunka ɗaya a kan sifirin ko shokozoba. Boris mai ciwo yana aiko da gurzarsa har tafin hannu.

Mataki na huɗu: mai

A jikin aksil, kwance noti na zuba mai kafin na tsiyayewa, kada ka zubar da mai sannan ka tarar na sama ya ƙi kwantuwa. Mota tana daidai, man ya kamata ya kai leɓen ramin. In ya fito fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga, abin da ke yawan faruwa bayan an ratsa kwazazzabo da damina. Yawancin notunan tsiyayewa suna da maganaɗisu. Baƙin laushi kamar kwalli a kansa ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke ji yana nufin a buɗe. Aksil irin na waɗannan motoci man giya mai lamba GL-5 yake so, kamar 80W-90 ko 85W-90. Baƙin man inji da aka tsiyaye daga wata mota ba ya riƙe waɗannan haƙoran, yana kashe su ne a hankali. A saman aksil akwai ɗan bututun numfashi, a tabbata bai toshe ba, in ya toshe zafi zai tura mai ta sil, wato robar da ke hana mai yoyo.

In motar mai ja da gaba ce

Nan aikin ya fi sauƙi. A fili, murɗe sitiyari har ƙarshe, ka zagaya a hankali kana ɗan taka totur, hagu sannan dama. "Ƙas-ƙas-ƙas" mai bin juyin taya kan shaf na waje ne, wato gaɓar shaf da ke kusa da taya. Kakkarwa daga gefe zuwa gefe lokacin da kake taka totur a miƙaƙƙen titi, wadda ke ɗaukewa da ka saki, kan shaf na ciki ne. Leƙa robobin da suka rufe kawunan. Wadda ta yage za ka ga giris ya fantsama a cikin rim. In an kama ta da wuri, wankewa da sabon giris da sabuwar roba sun wadatar. In ƙurar hunturu ta riga ta shiga har ya fara ƙara, sai canji.

Mai Hilux mai ja da huɗu kuma ya tabbata ba a bar ta tana ja da tayoyi huɗun a kan kwalta ba, kuma tayoyin duka girmansu ɗaya. Ko ɗaya daga cikin biyun yana sa mota ta cije a kwana ta riƙa ƙara.

Lokacin gyara

Kafin a kwance farfela, a yi alama da fenti ko a ƙarce da ƙusa a duk inda abu biyu suka haɗu: bakin aksil, tsakiya, da inda take zamewa cikin juna. Wannan wurin zamewar haƙora ne da shi, kuma yana shiga ta kowace fuska. A yawancin motoci kunnuwan kuros na gaba da na baya a layi ɗaya suke. In yaron gareji ya mayar da su a saɓe ko da haƙori biyu ne, motar da ta zo da ƙaramar ƙara za ta fita da babbar jijjiga, ga sabon kuros a ciki. Na ga wannan ya faru ba sau ɗaya ba. A tuna kuma, da zarar farfela ta sauka, giya ba ta riƙe mota.

A sa sabon kuros da matsi, ba da dukan guduma a kan kofi ba, don allura ɗaya in ta kwanta a gindin kofi aikin ya ɓaci. In yana da bakin ɗura giris, a ɗura har sabo ya leƙo ta kofuna huɗun. Wajen saye, ko a Ƙofar Ruwa a Kano ko a Panteka a Kaduna, tafi da tsohon a hannu a auna, don akwai masu kama da juna da suka bambanta da ɗan kaɗan.

Babban notin bakin aksil ba a ɗaure shi da dogon bututu. A motoci da yawa shi ne ke saita matsin boris ɗin ciki, ta hanyar wani zobe da ke lotsewa sau ɗaya. In sil kawai za a canja, a yi wa notin alama, a ƙirga zarensa, a mayar da shi inda yake. Saita haƙoran aksil kuwa aikin gwani ne mai ma'auni, ba kowane gareji ba.

In komai ya yi daidai amma ƴar kyarma ta rage a babban gudu, akwai dabarar da ta daɗe a hannun makanikai. Raba zagayen farfela gida huɗu da alli kusa da aksil, ka rubuta 1 zuwa 4. Ɗaura kilif irin na tiyon lagireto, kan sukurunsa a kan 1, ka hau titi. Matsar da shi zuwa 2, sake gwadawa, har ka zagaye. Inda kyarmar ta fi raguwa nan ne gefen da ba shi da nauyi. In ta ragu amma ba ta tafi ba, ƙara kilif na biyu a wurin, in ya yi yawa sai ka riƙa raba kawunansu kaɗan-kaɗan, ɗaya hagu ɗaya dama. A tabbata ba sa taɓa komai in mota ta zauna da lodi.

Wasu ƙararrakin ana iya lallaɓawa da su. Aksil mai ɗan kuka, in da mai a cikinsa, yana iya daɗewa yana aiki. Amma kuros mai wasa, musamman na gaba, da faifan robar da ya fara yagewa, da boris ɗin taya mai zafi, waɗannan a ajiye mota. Farfelar da ta tsinke ta gaba a kan gudu tana faɗuwa ta soki kwalta, tana iya ɗaga bayan mota da fasinjojinta.

A canja abu ɗaya a lokaci ɗaya. Bayan kowane canji a koma titin nan na farko, da mutumin nan da takardarsa, a maimaita gudun da giyar da aka rubuta. Bayan kwana biyu ko uku ana hawa, a sake shiga ƙarƙashi da sifana a bi notunan farfela ɗaya bayan ɗaya.